Tankin Dafa Bulo na Inusa

Inusa magini ne a unguwarmu ta Madarumfa. Gidansa yana kan hanyar da ke gangarawa tabki, katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan Hajiya Ɗelu, tsohuwar da ta girmi kowa a layin. Ni kuma kimiyya nake koyarwa a kwalejin garin, shi ya sa ake ce mini Mushe, daga kalmar girmamawa ta Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Aikin nan nawa ne ya haɗa mu. Wata Juma'a, ana watsewa daga masallaci, ya tare ni ya miƙo mini wani farin dunƙule mai kama da sabulu, ya ce in faɗa masa sunansa na littafi.

Na juya abin a hannu. Ba nauyi, sai ka ce busasshen burodi, amma da na sa farce ko karcewa bai yi ba.

"Ina ka samo shi?" na tambaye shi.

"Ni na dafa shi," ya ce. "Cikin wata tsohuwar tukunyar gas, a bayan ɗakina."

Ban gane ba sai da muka samu inuwa ya ba ni labarin daga tushe.

Mahaifinsa masunci ne, kakansa ma haka, amma shi tun yana ƙarami jiri yake yi in ya shiga kwalekwale. Da ya kai shekara goma sha tara ya bi ƴan ci-rani ya tsallaka Najeriya. Ya yi dako, ya yi leburanci, har ya faɗa wata masana'anta can kudu da Kaduna inda ake yin farin bulo da wasu fararen alluna marasa nauyi, waɗanda ake lulluɓe manyan tukwanen wuta da su don kada zafi ya fita. Shekara goma sha ɗaya yana tura ɗanyen bulo cikin dogayen tankunan ƙarfe, a rufe ƙofa, a saki tururi, bayan awa takwas a fito da shi ya zama dutse. Bai yi boko ba, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Ido kawai ya sa. Ya san farar ƙasa ake haɗawa da yashi mai laushi kamar gari, ya san yadda kwaɓin ke kama hannu in ya yi daidai, ya san kukan da tanki ke yi in yana lafiya. Da masana'antar ta durƙushe ya dawo gida, ya auri Hafsatu, wadda sana'arta bandar kifi, ya kama gini.

A gini an san shi da rashin magana, an kuma san shi da kafiya. In mai gida ya ce a rage siminti a kwaɓi, ba zai yi musu ba, kayansa zai tattara ya tafi.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Siminti ya yi wuya, wanda ya samu kuma ya fi ƙarfin talaka. Gine-gine suka tsaya cak. Inusa ya yi wata huɗu bai ɗora bulo kan bulo ba, kifin Hafsatu ke riƙe gidan, abin yana cin sa a rai. A cikin wannan zaman ne ya je Ɗan Issa wajen abokinsa Tanko mai walda, ya ga wani farin taɓo an zubar bayan rumfa. Ragowar karbir ne, dutsen nan da masu walda ke jiƙawa ya ba su iskar wutarsu. Ya dangwala ya murza a yatsa, ya ji santsin da ya sani, ya ji fatar ta fara zugi. Farar ƙasa ce, ana zubarwa a banza. Saura yashi. Namu na nan ba shi da laushin da ake so, shi kuma ba shi da injin niƙa shi. A ƙarshe ya tuna wani injiniya a can ya taɓa cewa tokar ɓuntun shinkafa ma tana yi, in an ƙona ɓuntun a hankali har tokar ta yi fari-fari. Ɓuntu kuwa tsibi-tsibi yake a bakin injin casa, ba mai nema.

Washegari na kai masa littafi. Na ce abin sunansa silikat ɗin kalsiyam. Farar ƙasa ce ke ba da kalsiyam, toka ke ba da silika, wato ainihin abin da yashi ya ƙunsa, ruwa da zafi kuma su ɗaure su su zama sabon dutse. Na ce dangin wannan dutsen ne ke riƙe siminti in ya kama, sai dai nasa cike yake da ƴan ramuka da ido ba ya gani, shi ya sa ba nauyi, zafi kuma ba ya ratsa shi da sauri.

Ya sa na maimaita sunan sau uku, bai riƙe ba.

"Bar shi a farin bulo," ya ce. "Tambayata ɗaya, Mushe. In ƙaramar tukunya ta yi, babba za ta yi?"

Na ce a littafi dai za ta yi.

Tanko ne ya samo tsohon tankin iska na wani gareji, tsawonsa ya kai mutum a kwance. Ya yanke baki ɗaya, ya yi masa murfin ƙarfe mai kauri da noti goma sha shida. Suka kwantar da shi bisa murhun tubali a ƙarshen gidan Inusa, don nan ne kaɗai fili, murfin yana kallon katangar Hajiya Ɗelu, taku huɗu tsakani. A bisa tankin suka kafa bututu guda mai rassa biyu. Reshe ɗaya na agogon da ke nuna ƙarfin tururi ne, ɗayan na supap, ƴar ƙofar da ke buɗewa da kanta ta yi huci in tururi ya yi yawa.

Na tambaya me ya sa duka biyun suke kan bututu ɗaya. Tanko ya ce kowane rami ka huda a jikin tanki rauni ne, gara ɗaya da biyu. Maganar ta yi kama da hankali, na yarda. Inusa ya daɗe yana kallon bututun, sannan ya kau da kai ya ci gaba da aiki.

Sau uku suka dafa, sau uku abin ya yi. Mutane suka fara zuwa kallo. Tanko yakan kunna wutar walda ya sa ta a fuska ɗaya ta allon, Inusa ya dafa tafinsa a ɗaya fuskar yana kallon jama'a, su yi ta salati. Mai gidan burodin kasuwa ya zo da kansa ya ce a yi masa alluna ya shimfiɗe cikin tandarsa kafin azumi, don itace ya gallabe shi. Hafsatu ta ce mini a makon nan ne maigidanta ya fara cinye tuwonsa.

Hajiya Ɗelu ce kaɗai abin bai burge ba. Hucin supap yana firgita mata awaki, yana hana ta barcin rana. Wata Alhamis ta sa aka kira shi. Jikarta Safiya ta zo wankan jego a gidan, kwana biyar da haihuwa.

"Inusa, jibi sunan ɗan Safiya," ta ce. "Mata za su cika gidan nan. Ka bar mini wannan dodon naka ya huta rana ɗaya."

"To, Inna," ya ce.

Amma ya riga ya zuba allunan mai burodi a ma'auni, saura kwana tara azumi, kwaɓin kuma in ya daɗe a iska tsagewa yake yi. Ya lissafa a ransa cewa in ya kunna bayan sallar asuba zai gama kafin taron mata ya yi kauri. Don kada ya sake dafawa, ya cusa allunan duka a lokaci guda, har suka kusa taɓa rufin tankin, ya ƙara ruwa fiye da yadda ya saba. Hafsatu ta yi masa magana, ya ce ta bar shi. Ta yi kwalliyarta ta wuce gidan Hajiya taya girki, ba ta ko dube shi ba.

Ranar Asabar ɗin ba ni da aji, na biya wajensa da hantsi ya ɗaga. Ta bayan katanga ana jin daka da guɗa da ƙarar murafun tukwane. Tanko yana zaune kan turmi yana cin gyaɗa. Inusa yana tsaye gaban agogon, hannunsa a ƙugu. Na yi sallama bai amsa ba.

Na leƙa. Allurar tana kan huɗu. Na san a takwas take tsayawa, nan supap ke fara huci.

"Tun yaushe take nan?" na ce.

"Ta fi awa."

"Itacen ne ɗanye," in ji Tanko. "Sau biyu muna ƙara masa."

Na dubi murhun. Wuta ce ja-wur, tana lasar cikin tankin har tana fitowa ta gefe. Inusa ya ƙwanƙwasa gilashin agogon da yatsa. Allurar ba ta motsa ba. Ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, ya karkata kai kusa da ƙarfen. Ni ban ji komai ba sai wani ƙas, ƙas, jifa-jifa, kamar kwanon rufi da tsakar rana.

"Wannan ba kukansa ba ne," ya ce a hankali.

Ya zagaya wajen murfin ya tsuguna. Muka bi shi. A bakin waldar da ta haɗa tankin da zoben murfi, wani siririn farin zare na tururi yana fita, yana wani fito mai kaifi da kunne ke ji da ƙyar. Na ga fuskar Inusa ta sake launi.

"Bututun ya toshe," ya ce. "Ruwa ya yi yawa, ya tafasa ya watsa kwaɓi ciki. Ya dafu a nan. Dutse ne yanzu a cikinsa. Agogo ba ya gani, supap ba ta ji."

"To yanzu nawa ke ciki?" na tambaya.

"Allah kaɗai ya sani. Awa guda muna zuba masa itace."

Tanko ya zubar da gyaɗarsa ya rarumo guduma. "Bari in buga bututun, dutsen ya faɗa."

Inusa ya cafke masa wuyan hannu. "In bututun ya karye a fuskarka fa?"

"To a watsa masa ruwa ya huce!"

"Ƙarfe na wannan zafi ka watsa wa ruwan sanyi? Waldarka ce za ta fara tsagewa."

"Waldata ba ta tsagewa!"

"Ga ta nan tana fito, Tanko. Kana da kunne."

Suka tsaya ido cikin ido. A daidai lokacin aka saki guɗa a bayan katanga, mata suka kwashe da dariya. Mu uku muka juya muka dubi katangar, ta laka ce, da ƙyar ta kai kafaɗa, murfin yana saitinta kamar bakin bindiga.

"Mushe," in ji Inusa, "je ka fitar da su. Kowa da kowa, har mai jego. Ni zan janye wutar."

Na fita a guje. A zauren Hajiya na tsaya na yi sallama sau biyu, hayaniya ta cinye muryata, na kutsa kai. Mata sun kai arba'in. Manyan tukwane uku suna kan wuta a gindin katangar, ɗakin Safiya kuma da jikin katangar aka gina shi. Wata ta ce Mushe ya ɓata hanyar lakwal, aka yi dariya. Na hango Hafsatu tana tuƙa tuwo, na je na raɗa mata abin da ake ciki. Ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin da ke tashi daga gidanta. Ta ajiye muciya.

Ni na fara ihu. Na ce kowa ya fita waje, tanki zai fashe. Ƴan kaɗan suka ja ƴaƴansu suka nufi ƙofa. Sauran suka tsaya suna kallon juna, wasu suna cewa abinci fa, wasu suna neman takalma, yawancinsu kuwa Hajiya suke kallo. Tana zaune kan kujerarta ta roba a ƙofar ɗakin Safiya, ƙafafunta masu ciwo a miƙe.

Na durƙusa gabanta. "Inna, don Allah ki tashi. Wallahi ba wasa ba ne."

"Ya kunna ke nan," ta ce. "Ya dube ni ya ce mini to, ya je ya kunna."

"Inna, a yi wannan maganar a waje."

"Ba inda za ni. Nan gidana ne, yau sunan jinina. Shi ya fita da dodonsa."

Muddin tana zaune, na san ba mai fita. Fiton nan yanzu har ta nan ana jin sa in ka saurara.  

Hafsatu ba ta roƙi kowa ba. Ta bi ta gefen kujerar Hajiya ta shiga ɗakin, ta ɗauki jaririn daga cinyar Safiya, ta rungume shi, ta fito ta miƙe zuwa zaure da sauri, ba waiwaye. Safiya ta biyo ta ba takalmi tana kiran sunanta. Uwar mijin Safiya ta bi su tana faɗa. Kafin ka ce me, tsakar gidan ta tsiyaye ƙofa ɗaya, ana ture-ture, ana kiran sunayen yara.

Na leƙa ta katanga na ƙwala wa Tanko kira. Ya zagayo, muka kama kujerar Hajiya hagu da dama muka ɗaga ta da ita a kai. Ta yi ta dukan kaina da mafici tana cewa mu sauke ta, marasa kunya, ita ta ga haihuwar iyayenmu. Ba mu sauke ta ba sai bayan masallacin unguwa, inda matan suka taru.

Hafsatu ta miƙa wa Safiya ɗanta, ta juyo gare ni. "Shi fa?"

Na koma. A bakin zauren Inusa na tsaya. Ya janye yawancin itacen da sandar ƙarfe, garwashi ya watsu a tsakar gida yana hayaƙi. Wani ƙaton gungume ne ya maƙale a ƙarƙashin tankin yana ci. Inusa yana kwance ta gefe a ƙasa, ya zura sandar yana ja. Gashin girarsa ya babbake. Tururi yanzu ta wuri biyu yake fita, fiton ya koma ƙara mai huda kunne.

"Fito!" na ce. "Kowa ya fita!"

Bai ji ba. Na ɗauki guntun tubali na jefa kusa da shi. Ya waiwayo.

"Duka?" ya ɗaga murya.

"Duka!"

"Har Inna?"

"Har ita! Taso!"

Ya saki sandar ya miƙe. Ya yi taku uku zuwa wajena.

Ba zan ce na ji ƙara ba. Ji na yi kamar an maka mini ƙofa a ƙirji, komai ya yi fari. Da na farfaɗo ina kwance a zaure, bakina cike da ƙasa, kunnena yana kuwwa. Tururi ya rufe gidan, wani farin gari yana sauka kamar yayyafi.

Murfin ya fasa katangar ya wuce, ya kife tukwane biyu, ya rushe bangon ɗakin Safiya ya kwanta a kan gadonta. Tankin kuma ya yi baya da ƙarfi ya niƙe murhun bandar Hafsatu. Inusa na same shi rub da ciki, rigarsa ta manne da bayansa. Na kira shi, ya motsa yatsu. Maza suka shigo, muka yi ta kwarara masa ruwan randa har aka samo mota. Daga likitar garin, wato ƙaramin asibitinmu, aka wuce da shi Maradi.

Ya yi mako shida a kwance a kan cikinsa. Azumi duka a can ya same shi. Fatar bayansa da ta hannun dama ta warke da tabo, kunnensa na hagu kuwa bai sake ji ba. Ban da shi ba wanda ya ji ciwo, sai wata mata da ta gurɗe a turereniyar ƙofa.

Bayan salla mai gari ya tara mu. Tanko ya fara magana, ya ce shi walda aka sa shi ya yi, ba shi ya ce a cusa kaya har wuya ba. Inusa ya bar shi ya gama. Yana zaune a karkace don bayansa.

"Ranka ya daɗe, laifin nawa ne ni kaɗai," ya ce. "Tun ranar farko na ga bututun nan na san ba haka yake a inda na yi aiki ba. Na yi shiru don ina sauri. Inna ta roƙe ni, na ce mata to, na je na kunna. Ba abin da zan ƙara."

Ni ma na ce ina da kaso, don ni na ce masa littafi ya yarda, ban kuwa taɓa ganin irin tankin da idona ba. Mai gari ya ce ya ji. Ya yanke cewa ba a sake rufe tururi a cikin ƙarfe a garin nan ko a bayansa, kuma Inusa ya tayar da katanga da ɗakin da hannunsa. Ya tayar da su da tubalin laka kafin ruwan farko, yana aiki yana cije baki. Kullum da safe yakan gaida Hajiya. Damina ta shiga ta fita ba ta amsa masa ba ko sau ɗaya.

Ya daina zancen farin bulo. Ya koma yaɓe da gyaran rumbuna. Hafsatu kuwa tun da murhunta ya rushe a rabin ganga take banda, itace yana tafiya kamar ana zuba shi a rijiya, kifin kuma rabi ya ƙone rabi bai yi ba. Wata rana da kaka, suna zaune tana turara dambu, ta ce masa:

"Maigida, wai dole sai an ɗaure tururin nan? Ni ga shi ina turara abinci kullum, ban taɓa ɗaure murfi da noti ba."

Ya ce ba zai yi ba, a masana'anta ba haka ake yi ba.

"A can yashi suke sawa. Kai ka ce mini toka ta fi yashi saurin kamawa."

Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya zo wajena. Wannan karon ban amsa masa daga kaina ba. Na kira wani tsohon malamina da ya san harkar, na karanta masa abin da muke haɗawa. Ya ce matar tana da gaskiya: tokar ɓuntu tana kamawa da farar ƙasa ko a tururin tukunya buɗaɗɗiya, sai dai a hankali, kuma ba za ta kai ƙarfin na tanki ba.

Inusa bai taɓa ko ashana ba sai da ya je wajen mai gari, daga nan ya wuce gidan Hajiya Ɗelu ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya faɗi abin da yake son yi. Ta daɗe tana jan carbi.

"Da me za ka rufe shi?" ta ce. Maganarta ta farko ke nan gare shi a wata bakwai.

"Da buhu, Inna."

"Ina?"

"Bakin tabki, inda ba gida."

"In gani da idona tukuna."

A amalanke aka kai ta. Ganga ce ya huda ya yi mata bene kamar madambaci, ruwa a ƙasa, alluna a bisa, jiƙaƙƙun buhuna a kai. Ta sa sandarta ta ɗaga buhun, tururi ya fito lis, ta sake shi. Ta ce a mayar da ita gida, rana ta yi.

Aikin yanzu jan rai gare shi. Wuni uku ana turarawa, sannan mako biyu a ƙarƙashin jiƙaƙƙun buhuna. A cikin alluna goma, uku ko huɗu sukan marmashe. Waɗanda suka tsira ba za su ɗauki nauyin rufi ba, ya kuma faɗa wa duk wanda ya tambaya, don wasu sun so ya yi musu ɗaki da su ya ƙi. Amma zafi suna tare shi. Ya fara da murhun Hafsatu: laka a waje, fararen alluna a ciki. Itacen da take ƙonawa a kwana biyu ya koma yana kai mata huɗu, kifin yana fitowa launi ɗaya. Matan bakin tabki suka zo suka dafa bangon murhun ana tsakiyar banda, suka ji ɗumi kawai. Yau akwai irinsa bakwai a jere. Mai gidan burodi ma ya samu allunansa, bayan shekara guda.

Tanko har yanzu yana aiko masa da farin taɓon a mota daga Ɗan Issa, amma shi Tankon bai sake taka gidan Inusa ba. In sun haɗu a kasuwa sukan gaisa su wuce.

Makon jiya na bi ta bakin tabki da la'asar. Na same shi yana yanka allo da zarto, yana gina wa wata bazawara mai suna Mariama murhu. Kunnen hagu ya ba ni, don haka sallamata ta wuce shi. Mariama tana tsaye kansa, hannu a ƙugu, tana cewa ƙofar itacen ta yi ƙasa da yawa, ita bayanta ba ya son sunkuyo.

"In na ɗaga ta, zafi zai gudu," ya ce.

"To ya gudu mana, ni zan yi aiki da shi ko kai?"

Ya ajiye zarton ya auna ƙofar da tafin hannu, ya dubi matar, ya sake duban ƙofar.

"Yatsa huɗu," ya ce. "Ba zan ƙara ba."

"Shida."

Ya sunkuya ya fara cire tubalin da ya riga ya jera.